Bayan Ambulan

Daren Litinin, sha ɗaya saura,
na juya ambulan ɗin kuɗin wuta
na soma rubutu a bayansa.
Gobe hukumar makarantu za ta zauna:
mu bakwai, teburi ɗaya, kasafi ɗaya,
gajere kamar bargon jariri,
ka rufe kai, ƙafa ta leƙo.

Ni ce Dolores Vukovich.
Shekara ashirin da biyu ina tuƙa bas mai ruwan ɗorawa
daga bakin tsohon ramin tama
zuwa tafkin da ke daskarewa tun Nuwamba,
kafin mutanen gari su ce je ki zauna mana.
Ban karanci lissafin kuɗi ba,
amma na san gidan da fitilarsa ba ta kunnuwa da asuba,
na san yarinyar da ke hawowa da takalmin bazara
cikin ƙanƙarar Janairu
tana murmushi don kada a tambaye ta.

Na rubuta: injin ɗumama gini.
Ya girmi ɗana na fari.
Tari yake yi irin na tsohon mahaƙi.
Makon jiya 'yan ajin Malama Haugland
da safar hannu suka yi rubutu,
haruffa duk sun karkace kamar masu gyangyaɗi.

Na rubuta: rufin ɗakin karatu.
Bokiti huɗu, da kaina na ƙirga,
ɗaya a ƙarƙashin taswirar duniya,
ruwa na bin tekun yana ɗiga.
Abin dariya, in ba ka da ɗa a ciki.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
mu kuwa ɗakin taronmu ba ya yoyo.

Shayina ya huce.

Gordon Pelkey zai zo da hotuna masu sheƙi,
sabon allon lantarki na filin wasa.
Ba mugu ba ne.
Cewa yake garin da raminsa ya rufe,
matasansa suka watse,
yana bukatar abin yi wa tafi daren Juma'a.
Ban ce ƙarya yake yi ba,
ni ma na yi ihu a filin nan har muryata ta dishe.
Sai dai tafi ba ya ɗumama aji
ranar Litinin da safe.

Malaman kimiyya uku cikin shekara huɗu.
Ta ƙarshen ta yi kuka a wurin ajiye motoci,
ta ce tana son yaran, kuɗin haya ne ba ya son ta.
Na rubuta: albashi,
na ja layi biyu a ƙarƙashi,
biron ya huda takarda.

Sannan Teemu Lahti.
Shekararsa shida, gidansu ne ƙarshen hanya,
shi ake fara ɗauka, shi ake gama saukewa.
In aka haɗe layukan bas biyu don tsimi,
kamar yadda shafi na goma sha tara ya ce,
minti saba'in zai yi a kujera kafin gari ya waye.
A shafin sunansa "daidaita zirga-zirga".
Ni na taɓa ɗaukar uwarsa a wannan kwanar,
ita ma da barci take isa.

Na san ba zan samu duka ba.
Ƙuri'a huɗu nake nema, biyu gare ni,
ta ukun tana jiran ta ga inda iska ta kaɗa.
Na sa lamba, na goge, na sake sawa.
Injin ne farko ko yaron?
Rufin zai iya kai wa bazara?
Ba a fafe gora ranar tafiya,
amma mu kullum ranar tafiya ake miƙo mana goran.

Motar share ƙanƙara ta wuce, taga ta girgiza.
Na ninke ambulan na cusa a aljihun kwat.
Kuɗin wutar ma ban biya ba.

Na saita agogo huɗu da rabi,
sai na tuna na daina tuƙi.
Na bar shi haka.